Na goya oba-oba a yaƙin Biyafara, ga labarina

Assalamu alaikum jama'a. Jikanyata ce take rubuta wannan a wayarta ni kuma ina faɗa mata daga kan tabarma, don idona ya yi rauni kuma kunnena na hagu ya mutu tun 1969, in kuka ga magana ta yi tsalle ku yi haƙuri haka take fitowa. Abin da ya jawo shi ne ranar 15 ga Janairun da ya wuce muna zaune ana nuna faretin tunawa da mazan jiya a talabijin sai yarinyar nan ta juyo tace min Kaka wai kai mutum nawa ka harbe a yaƙi? Na yi shiru, ta sake tambaya, nace mata bari sai na shirya. Yau na shirya.

An haife ni a Tudun Wada nan Kaduna a 1948. Babanmu ma'aikacin reluwe ne, yana cikin masu duba ƙafafun taragu in jirgi ya tsaya a tasha, da ɗan gudumarsa yana bi yana ƙwanƙwasawa yana saurare, daga ƙarar yake gane wadda ta tsage. Ina jin daga wurinsa na gaji kunne. Na yi allo na yi firamare har aji 7, daga nan babu halin ci gaba, sai Baba ya kai ni wurin wani abokinsa Ibo mai gyaran rediyo kusa da babbar kasuwa yace masa ga yaronka nan. Oga muke ce masa. Mutum ne gajere mai faɗa, in ka ɗiga dalma inda bai kamata ba sai ka ji ranƙwashi, amma ranar da duk matarsa ta aiko da abinci kwano ɗaya muke sa hannu, kuma da ya lura ba na cin naman da ban san yankansa ba sai ya ce ma Madam ta riƙa saye a wurin mahautan kasuwa. Hausa a bakinsa kamar ɗan Zariya, 'ya'yansa ma duk a nan aka haife su. A wurinsa na san bawul da taransisto, na san yadda ake bin waya da mita har a gano inda wuta ta tsaya, na buɗe cikin Philips da Grundig ba adadi. Kullum yana ce min yaro kafin ka taɓa rediyo ka fara saurarensa tukuna, shi zai gaya maka ciwonsa.

Sai 1966 ta zo. Ranar Asabar 15 ga Janairu, cikin azumi ne ba na mantawa, bayan sahur muka ji ƙarar da bamu taɓa ji ba daga wajen gidan Firimiya, kafin hantsi gari ya ɗauka an kashe Sardauna. Na ga dattawa masu gemu suna kuka a bakin titi kamar yara. Daga nan zaman garin ya canza, masu gaisawa da Oga suka fara wucewa ba sallama. Abin da ya biyo baya a watan Mayu da kuma wajen ƙarshen Satumba ba zan ɓoye ba don na kusa kabari, an kashe mutanen da basu ji ba basu gani ba, masu shago da teloli da mata, na gani da idona kuma har gobe ban ga hujjarsa ba. Baba ne ya ɓoye Oga da iyalinsa kwana 3 a ɗakin Inna, sannan da dare ya bi da su ta bayan tasha ya cusa su a jirgin da zai bi ta Kafanchan da Makurɗi zuwa Inugu. A bakin tarago Oga ya ciro makullin shago ya danƙa min yace riƙe min, ka riƙa share ƙura, in gari ya lafa zan dawo.

Gari bai lafa ba. 27 ga Mayun 1967 Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, kwana 3 bayan nan Ojukwu ya ce sun ɓalle sun zama Biyafara, 6 ga Yuli aka fara harbi a wajen Gakem. Da farko ce mana aka yi ɗan aikin 'yan sanda ne na makonni, sai da sojojin Biyafara suka tsallaka suka kama Binin cikin Agusta suka doshi Legas sannan hankalin kowa ya tashi, aka buɗe ɗaukar soja gadan-gadan, rediyo ba ta da magana sai kiran samari. A ɓangarenmu ba a kama mutum dole, kai ne za ka kai kanka, ni ma ni na kai kaina. In nace kishin ƙasa ne kaɗai na yi ƙarya, akwai shi, akwai zafin kisan Sardauna da bai huce ba, akwai kuma zaman banza don shago ba ciniki, ga abokaina 4 na unguwa duk sun tafi sun bar ni. Ban gaya ma Baba ba sai da aka rubuta sunana. Da ya ji bai ɗaga murya ba, cewa kawai yayi mutumin da na ɓoye a ɗakin uwarka shi za ka je ka harba? Ya shige ɗaki. Inna ce ta karɓi makullin shagon ta ɗaure a bakin zaninta.

Dafo na Zariya aka kai mu, aka aske mu ƙwal, makonni kaɗan aka yi ana gwale mu da fareti da rarrafe da kwance bindiga da ɗaurawa, don lokacin ba a da sukunin dogon horo, bakin daga na jiran mutane. Wata rana wani samanja ya tsaya gaban layi yace wa ya iya karatu da rubutun boko, muka ɗaga hannu, yace a cikinku wa ya taɓa taɓa kayan wuta, ni kaɗai na rage da wani yaro da ya yi aiki a gidan waya. Shikenan aka ware mu aka ce mun zama 'yan sigina, aka sa mu a jirgi sai Legas, barikin Arakan da ke Apapa. Ranar na fara ganin teku. A can ne na ji cewa Murtala Muhammed shi ma ɗan sigina ne, shi ke shugabantar sashen kafin a ba shi Runduna ta 2, kuma malamanmu suna alfahari da wannan sosai.

Abin da aka koya mana a Apapa yawancin mutane basu san shi ne aikin ba. Ba magana kawai ake a rediyo ba yadda ka ga dama, komai da ƙa'idarsa. Ba ka kiran sunan hafsa, ba ka kiran sunan gari, kowa da lambar kiransa kuma ana canza ta. In ka gama magana kace oba, wato na ba ka fili, daga nan ne ma mutanenmu suka raɗa ma akwatin suna oba-oba. In ka ji ka gane kace roja. Harufa kuma ba a faɗinsu haka nan don ƙara na cinye su, sai kace Alfa, Birabo, Cali, Delta. Muka koyi Mos, wannan ɗin da ake bugawa da yatsa ɗit-da ɗit-da, har a mafarki ina jinsa, amfaninsa shi ne in iska ta lalace murya ta ƙi wucewa shi yana ratsawa. Muka koyi shimfiɗa wayar tarho ta daji da ƙulla ta in ta tsinke, da karatun taswira. Malamin da ya fi shiga raina wani tsohon saja ne da ya yi yaƙin Bama, irin waɗanda aka sake kira da yaƙi ya tashi, Bahaushe ne ɗan wajen Katsina, yakan ce mana ku saurara yarana, mai bindiga in ya yi kuskure mutum ɗaya ya kashe, ku in kuka yi kuskuren lamba ɗaya kamfani guda kuka binne.

Farkon 1968 aka tura ni Runduna ta 1, ta Kanar Muhammadu Shuwa. Jirginmu ya biyo ta Kaduna ya tsaya shan ruwa da dare, ina leƙe ta taga sai na ji ƙwanƙwasar guduma tana matsowa tarago bayan tarago, na san hannun. Na diro nace Baba. Ya ɗaga fitilarsa ya haska fuskata ya daɗe yana kallon kakin da ke jikina, wata 6 rabon da ya yi min magana. Ya sa hannu a aljihu ya ciro carbinsa ya ba ni yace kar ka bar sallah, kuma duk wanda ya ɗaga hannu ya ce ya bi kar ka taɓa shi. Nace to Baba. Ya juya ya ci gaba da ƙwanƙwasa ƙafafun jirgin da zai kai ni. Hanyar da Oga ya bi ita muka bi, Kafanchan, Makurɗi, muka haye gadar Binuwai, har Inugu wadda sojojinmu suka kama tun farkon Oktoban 1967. Garin wayam, gidaje a buɗe ba kowa, na riƙa duba allunan shaguna ko zan ga na mai gyaran rediyo.

Aka haɗa ni da wani kyaftin mai riƙe da kamfani, inda duk ya sa ƙafa ina bayansa taku 2, akwati a goye, abin saurare a kunne ɗaya, ɗayan kunnen a buɗe don jin umarninsa. Nauyin akwatin da batir na ajiya ya ishi jaki, ga bindiga ga ruwa, igiyar goyon ta ci kafaɗuna har yau tabon na nan jikanyata ta gani. Amma nauyi ba shi ne abin tsoro ba, eriya ce. Sandar nan da ke tsaye a kanka tana rawa ita ke gaya ma maharbin da ke kan bishiya cewa ga hafsa nan ga kuma bakinsa, kuma sun san in suka kashe mai rediyo kamfani ya zama kurma kuma bebe. Saboda haka nakan lanƙwaso ta in ɗaure a ɗamara, amma in ka lanƙwasa ta magana ba ta nisa, toh kullum cikin wannan lissafin kake, ranka ko muryar kamfani. Ga dajin can ba irin namu bane da za ka hango mutum daga nisan zango, itatuwan kwakwar manja ne a cushe da ruwan sama da ba ya ɗaukewa, ƙaramin akwatin yana son fili, in ganye ya jiƙe ko kuka faɗa kwari sai ka ji shuuu kawai, kana kira ba amsa alhali mutanen suna bayan tudun nan. Sau nawa na hau bishiya da waya a baki don in rataya eriya sama. Batir kuma in ya yi sanyi sai a aika da shi baya inda injin caji yake, in motar da za ta kawo wani ta taka nakiya shikenan kun shiga duhu. Nakiyar tasu ta gida ce suke ƙerawa, ogbunigwe, mu muna ce mata bokitin Ojukwu, cike da ƙusoshi da guntayen ƙarfe, wanda ya taɓa jin tashinta ba ya mantawa.

In an kafa sansani an haƙa ramuka sai a koma tarhon daji, don shi ba a satar jinsa ta iska, ka murɗa hannunsa ya yi ƙara a can. Abokina na kusa a nan yake, wani ɗan Zuru mai shimfiɗa waya, Kirista ne, in zan yi sallah shi ke karɓar abin sauraren ya riƙe min har in sallame, in ya samu gwangwanin nama sai ya duba ya tambayi masu karatu ko na alade ne kafin ya miƙo min. Wata rana da daddare a wajen Okigwe, bayan an kama garin a ƙarshen daminar 1968, na murɗa tarho na ji hannun ya yi sakwaf ba nauyi, alamar waya ta tsinke. Dokar ita ce a bi ta a hannu cikin duhu har a kai inda ta rabu. Kuma duk mun san wani lokacin ba harsashi ne ya tsinka ta ba, yankewa suke su kwanta a gefe suna jiran wanda zai zo gyara. Layina ne in tafi, yace kai zauna kyaftin zai neme ka a rediyo, ni na san inda na bi da ita. Ya tafi da mutum 2. Ina zaune a rami tarho a kunne ina jira, can sai na ji ƙaras ƙaras alamar yana goge bakin wayar zai ƙulla, har na ji numfashinsa yace halo kana ji na, nace ina ji, sai harbi. Wayar ta haɗu fa, gyaransa ya yi, da ita muka yi aiki har muka tashi daga wurin. Da safe aka ɗauko su su 3.

Kowace yamma akwai rahoton da ake aikawa hedikwatar bataliya, harsashi nawa ya rage, abinci nawa, mutum nawa suka ji rauni, nawa suka mutu, da lambar kowa. Ni ke karantawa. Ranar na karanta lambarsa ɗaya bayan ɗaya yadda aka koya mana, a hankali, na can yace sake faɗa ban ji ba, na sake. Yace roja. Shikenan abin da aka ce. Har yau lambar tana kaina, lambar wayar 'ya'yana ban riƙe ba amma ita tana nan.

A wannan yankin ne kuma wani abu ya same ni da ban taɓa ba kowa labari ba sai matata, Allah ya jiƙanta. Da yake mun san suna sauraren tashoshinmu, mu ma muna sauraren nasu, sai yaranmu suka ɗauki dabarar yin magana da Hausa a zatonsu an rufe musu kunne. Wani dare wajen ƙarfe 2 ina gadin rediyo kowa na barci, sai murya ta shigo tasharmu a hankali tace sannu da aiki ɗan'uwa. Ba lambar kira ba komai. Na yi tsit. Yace na san kana ji, tun jiya nake jin Hausarka, kai ɗan Kaduna ne ko? Wace unguwa? Ni a Kaduna aka haife ni, a can na yi makaranta. Wallahi Hausarsa ta fi ta wasu hafsoshinmu. Yace mai ƙosan nan ta bakin tasha tana nan kuwa? Yace rabona da fura shekara 2. Ya ɗan yi shiru sannan yace mun gaji, ku ma na san kun gaji. Yatsana yana kan maɓallin magana, dannawa ɗaya ce, kuma na san matar da yake nufi don a wurinta nake sayen ƙosai in kai ma Oga da safe. Amma doka ta hana, in ka amsa ka tabbatar musu tashar taku ce kuma kana nan kusa, ana iya yi maka ruwan wuta, ana iya kai ka gaban kotun soja. Ban danna ba. Ya kira sau 3 yace toh sai da safe, Allah ya tashe mu lafiya. Na tashi kyaftin na gaya masa, aka canza tasha kafin asuba, daga ranar in saƙo mai nauyi ne sai a nemo Tibi biyu ko Angasawa biyu a sa ɗaya a kowane kai su yi da yarensu. Ban sake jin muryar ba. Na sha tambayar kaina ko babban ɗan Oga ne, don sa'ana ne kuma shi ma ya iya rediyo, amma ƙarar iska ba ta bari ka tantance murya.

Yanzu ga amsar tambayar jikanyata. Bindigata ban fi harba ta sau 5 ba duk yaƙin, shi ma cikin daji ne ban ga kowa ba. Amma in kamfani ya ci karo da wuta ya kasa gaba, kyaftin zai buɗe taswira ya ɗora yatsa ya karanto min lamba 6, ni kuma in faɗa ma 'yan igwa da ke can baya mil da yawa. Lamba 6 ɗin nan fili ne mai mita 100 kowane gefe. Su basu ga wurin ba, ni ma sau da yawa ban gani ba. Sai ka ji harsashin farko ya wuce ta kanmu yana kuka, kyaftin yace ƙara 100, dama 50, in faɗa, in ya yi daidai yace a saki duka, in faɗa. Da bakina. Wata rana bayan an yi haka muka shiga ƙauyen da safe, ashe 'yan bindigar sun janye tun dare, abin da muka tarar 'yar kasuwa ce ƙarƙashin bishiyoyi, tukwane a fashe, garin rogo ya zube ya jiƙe da jini, da wata tsohuwa zaune a ƙasa ta riƙe ƙafar wata yarinya tana jijjigawa kamar mai tashinta daga barci. Ta ɗago ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ba ta san wanda za ta kalla ba, ni kuwa na san lambar wurin da take zaune, ni na karanta ta jiya da la'asar kuma ban yi kuskure ko ɗaya ba. Toh ki rubuta haka, ban san adadi ba, Allah ne ya sani, kuma kullum cikin neman gafararsa nake.

Yaran da yunwa ta kama kuwa ba zan iya dogon bayani ba. Ciki ya kumbura, gashi ya yi ja, ƙafa kamar sillen kara, suna fitowa daga daji in sun ji ƙamshin girki. Da yawa daga cikinmu rabon abincinmu muke basu, wasu kuma sun yi abin da ba shi da kyau ga mutanen gari, duka biyun na gani.

Cikin Afrilun 1969 aka yi turin kama Umuahia, wadda ta zama hedikwatarsu bayan Inugu. A hanyar, wajen Uzuakoli, aka yi kazamin faɗa, a nan ne ma Babangida ya samu rauninsa. Ni ina kwance a gefen hanya ina ƙoƙarin samun bataliya sai wani abu ya ɗaga ni ya buga da ƙasa, ban ji ƙara ba ma, haske kawai na gani. Da na farfaɗo jini na zuba ta kunnen hagu, ina ganin bakin kyaftin yana motsi ba na jin komai. Da aka sauke akwatin daga bayana sai ga ɓaraguzan ƙarfe 3 sun nutse a cikinsa, ɗaya ya huda batir ya tsaya. Akwatin da na yi shekara ina tsine ma nauyinsa. Ina asibiti a Inugu aka ce Umuahia ta faɗi, 22 ga wata. Da na warke ba a mayar da ni kamfani ba, aka ajiye ni a babban rediyon hedikwatar birged ina aiki da kunne ɗaya, lokacin an canza Shuwa an kawo Bisalla.

Shi ya sa ƙarshen yaƙin a kunnena ya fara sauka kafin sauran. 12 ga Janairun 1970 muna da ƙaramin rediyo a gefe da muke kama tashar Biyafara da shi, sai muka ji Philip Effiong, mataimakin Ojukwu, yana magana, Ojukwu ya riga ya bar ƙasar, yana cewa sojojinsu su ajiye makamai. Na cire abin saurare na ruga na kira hafsan da ke aiki, ya saurara, yace kira duk bataliyoyi. Na zauna na riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya ina faɗa musu a tsagaita wuta, wani na can yace sake faɗa, nace a tsagaita wuta, yace sake faɗa don Allah, ba don bai ji ba. Ina jin ihu na tashi a bayansa. 15 ga wata aka sa hannu a barikin Dodan, Gowon yace ba wanda ya ci ba wanda aka ci. A cikin mu 5 da muka fita daga unguwarmu mu 2 muka dawo.

Na samu hutu na zo gida, Baba ya tsufa ƙwarai. Da muka keɓe tambaya ɗaya ya yi min, ka taɓa wanda ya ɗaga hannu? Nace a'a Baba. Yace alhamdulillahi. Ban ba shi labarin kasuwar nan ba har ya rasu.

A 1971 ina bariki nan Kaduna sai ƙanena ya zo yace ana nemana a gida. Na tarar da Madam zaune a tsakar gida kusa da Inna, ta rame har sai da na dube ta sau biyu, da 'ya'ya 2 cikin 5. Na durƙusa na gaishe ta nace Madam ina Oga? Tace Oganka ya mutu tun 1968, babban ma ya shiga soja bai dawo ba. Inna ta shiga ɗaki ta fito da makullin da wani ƙullin tsumma, ashe duk shekarun nan Baba ya sa wani a shagon yana karɓar haya yana tarawa, ko sisi bai taɓa ba. Madam ta kwance ta ga kuɗin ta kifa kai a cinyar Inna suka yi ta kuka su biyu. Ni ina tsugune a gefe da kakina. Bakina ya buɗe zan tambaye ta a wane gari Oga ya mutu kuma me ya kashe shi, yunwa ce ko ciwo ko igwa, sai na ji tsoron amsar, na haɗiye. Ta zauna a Kaduna shekaru da yawa tana sayar da kayan koli a shagon, duk sallah sai na kai mata nama, duk Kirsimeti sai ta aiko ma yarana shinkafa, mun yi hira ba adadi, ban taɓa tambaya ba har ta koma gida ta rasu.

Na bar soja a 1977, shekara guda bayan kashe Murtala, lokacin ana rage yawan sojoji don yaƙi ya kumbura rundunar har wajen 250,000. Wahalar da muka sha wajen bin haƙƙinmu, da layin tantancewa da tsofaffi ke faɗuwa a ciki, wannan wani labarin ne na daban. Na buɗe rumfar gyaran rediyo a Tudun Wada, da ita na aurar da 'ya'ya 7, daga rediyo aka koma kaset aka koma talabijin har waya ta zo ta kashe sana'ar. Ranar da zan buɗe rumfar Madam ta aiko ɗanta da wani ƙunshi, na buɗe sai ga mitar Oga da ƙarfensa na narka dalma, tace shi ya ce in bai dawo ba a ba yaronsa. Suna cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona tare da carbin Baba. Yanzu na sa jikanyata ta jawo shi ta ɗauki hotonsu, tace min allurar mitar har yanzu tana motsi.